Waƙar Yabo a Matsayin Ibada: Tarihinta Tsakanin Musulmin Ƙasar Gusau

Gabatarwa

Duk mai hidimar da aka tura aiki Mada, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ko cikin garin Gusau, ba zai daɗe ba zai lura cewa maƙwabtansa Musulmi mutane ne masu waƙar addini. A cikin salla ba a rera kome. Amma da dare a zawiyya, da la'asar a makarantar Islamiyya, a bakin makaho ranar kasuwa, a wayar ɗan acaɓa, da cikin gida wurin mata ranar suna, waƙar tana nan. In watan Rabi'ul Awwal ya kama, wato watan da ake tunawa da haihuwar Annabi Muhammadu, takan kwana tana tashi a unguwa har kiran asalatu.

Wanda bai san tarihin abin ba yakan faɗa cikin ɗaya daga kuskure biyu. Ko dai ya ɗauka nishaɗi ne irin na kiɗan biki, ko kuwa ya ɗauka Musulmi suna bauta wa Annabinsu ne. Mai rera waƙar ba zai yarda da ko ɗaya ba. A wurinsa aikin lada yake yi, wanda yake fatan Allah ya karɓa, ko da yake ya san ba salla ba ce. Wannan darasi zai bi sawun yadda waƙar yabo ta sami wannan matsayi, yadda ta iso ƙasar nan, da yadda Musulmi kansu suka yi fiye da shekara ɗari biyu suna gardama a kan iyakarta. Babban sashe na wannan tarihi a Zamfara ya faru.

Inda waƙa take cikin ibada

Malaman Musulunci suna amfani da kalmar ibada ta hanya biyu. Akwai ibadun da shari'a ta tsara siffarsu, wato salla, azumi, zakka da hajji. Ba wanda yake da ikon ƙara musu wani abu ko ya rage. Salla da Larabci ake yin ta, kuma babu baitin waƙa a cikinta. Karatun Alƙur'ani, kome daɗin muryar mai karatu, ba a kiransa waƙa. Sunansa karatu ko tilawa, domin Alƙur'ani kansa ya musanta cewa shi waƙa ne. Haka ma kiran salla. Mai hidima ya kiyaye wannan, gama cewa liman ya rera waƙa a masallaci ɓatanci ne a kunnen Musulmi, ko da mai faɗar yabo ya nufa.

Akwai kuma ibada a faffaɗar ma'ana, wato kowane aikin kirki da aka yi da niyyar neman yardar Allah: zikiri, addu'a, sadaka, neman ilimi da koyar da shi. A nan waƙar addini take zaune. Masu yabon Annabi suna kafa hujja da Sura ta 33, aya ta 56, inda aka umarci muminai su yi masa salati. Saboda haka, in ji su, mai salati biyayya yake yi ga Allah. Suna kawo hadisin da ya yi alkawarin lada ninki goma ga wanda ya yi salati ɗaya, da wanda ya sa ƙaunar Annabi cikin sharuɗɗan cikar imani. Waƙar yabo kuwa salati ce da ƙauna da aka tsara cikin baitoci.

Abin da mawaƙin yake fata a ƙarshe shi ne ceto. Ɗalibi ya lura da wannan kalma, domin ma'anarta a bakin Musulmi ta bambanta da wadda muka saba da ita a ikkilisiya. A wurinsu ceto shi ne roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa a Ranar Ƙiyama, da izinin Allah. Haka kalmar sujada. Mu mukan kira dukan taron ibada da ita, su kuwa sa goshi a ƙasa cikin salla suke nufi, wanda ba a yi wa kowa sai Allah.

Daga Madina zuwa Andalus da Masar

Larabawa mutanen waƙa ne tun kafin Musulunci, kuma mawaƙi shi ne bakin kabilarsa. Ƙarshen Sura ta 26, ayoyi 224 zuwa 227, ya zargi mawaƙa da faɗin abin da ba su aikatawa, sa'an nan ya keɓe masu imani da yawan ambaton Allah daga wannan zargi. A kan wannan keɓewa aka gina dukan waƙar addini. A Madina, Hassanu ɗan Sabitu ya zama mawaƙin Annabi, yana yabonsa yana kuma mayar da martani ga mawaƙan Makka. Wajen shekara ta 630 Ka'abu ɗan Zuhairu, wanda dā abokin gāba ne, ya zo neman afuwa da waƙar yabo, kuma labari ya nuna Annabi ya yafa masa mayafinsa.

Tun a lokacin aka sa wa yabo iyaka, kuma iyakar ta shafe mu. Cikin littafin Buhari akwai hadisin da Annabi ya hana a wuce gona da iri wajen yabonsa kamar yadda, a ganin hadisin, Kirista suka yi wa Isa ɗan Maryamu. Ya ce a kira shi bawan Allah da manzonsa. Duk gardamar da za mu gani nan gaba a kan wannan layi take: ina ne yabon bawa yake ƙarewa, ina ne bautar da ta dace da Allah kaɗai take farawa?

Littattafai uku daga yammacin duniyar Musulunci su ne suka zama ginshiƙan yabo a ƙasar Hausa. Na farko shi ne Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus, wanda ya rasu a 1230. Ya tsara wa kowane harafin Larabci ƙasida mai baiti ashirin, shi ya sa ake kiranta da wannan suna. Daga baya Ibnu Mahibu ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti ya zama ƙwar biyar, kuma da wannan siffa aka fi saninta a nan. Na biyu shi ne Burda ta Albusiri na Masar, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 13. An ce ya tsara ta ne yana fama da shanyewar ɓarin jiki, ya yi mafarkin Annabi ya lulluɓe shi da mayafi, ya farka da lafiya. Saboda wannan labari mutane suna karanta ta don neman waraka. Albusiri ma ya maimaita wancan kashedi a cikinta, cewa a bar abin da Kirista suka faɗa game da nasu annabin, sa'an nan a yi yabo iyakar iyawa. Na uku shi ne Dala'ilul Hairati na Aljazuli, mutumin Maroko, wanda ya rasu a 1465. Shi tarin salatai ne da aka kasa bisa kwanakin mako, amma ana karanta shi a ƙungiya da murya mai kari.

Katsina da 'Yandoto

Waɗannan littattafai sun ƙetaro hamada tare da fatake da alhazai. Shaidar da ta nuna sun zauna da gindinsu a ƙasar Hausa tun da wuri ita ce, a ƙarni na 17 wani malamin Katsina, Muhammadu Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya rubuta wa Ishiriniya sharhi da Larabci. Ba a yi wa littafi sharhi sai yana da masu karatu. Ishiriniya ta zama littafin ibada da na koyon lugga a lokaci guda. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun littattafai yakan zauna gaban malami a zaure, a karanta baiti a fassara masa kalma kalma, har ya hardace.

Wannan ya shafi ƙasarmu kai tsaye, domin yankin Gusau da Tsafe a lokacin yana cikin kudancin ƙasar Katsina ne. 'Yandoto, kusa da Tsafe ta yanzu, garin malamai ne da ya yi suna tun kafin jihadi, inda ɗalibai suke zuwa daga nesa. Alamar wannan tarihi tana nan cikin sarautu. Sarkin Tsafe ana kiransa 'Yandoto, na Gusau kuma Sarkin Katsina.

Sai dai duk wannan yabo da Larabci yake. Manomi da matar gida suna jin daɗin muryar, suna neman albarkarta, amma ma'anar tana hannun malamai. Wanda ya sauya wannan hali shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa.

Shehu a Zamfara

An haifi Shehu a 1754. Yana kimanin shekara ashirin ya fara wa'azi, kuma a daidai wannan lokaci ya tsara ƙasidarsa ta Larabci da ake kira Daliyya, saboda baitocinta da harafin dal suke ƙarewa. Waƙar bege ce, ta mutumin da yake ɗokin zuwa Madina ziyarar kabarin Annabi. Shehu bai taɓa samun zuwa ba har ya rasu a Sakkwato a 1817. Wannan ɗoki na wanda yake nesa shi ne zuciyar abin da Hausawa suke kira bege.

Daga wajen 1786 Shehu ya zauna a Zamfara kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi, tare da ƙanensa Abdullahi, wanda ya ba da labarin tafiyar a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Masu sauraronsu yawanci ba su jin Larabci, da yawa ma ba su san farillan addini ba. Shehu ya yi musu wa'azi da Hausa da Fulatanci, ya kuma riƙa tsara waƙoƙi da harshen gida, ana rubuta su da ajami. Dalilin a fili yake. Wa'azi yakan ƙare in mai wa'azi ya tashi, amma waƙa takan bi mutum gona da bakin rijiya.

Wani abu da ya faru a wannan zama na Zamfara ya nuna matsayin waƙa a wurin malaman zamanin. Wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya aiko wa Shehu da baitoci yana zarginsa da barin mata su halarci wa'azi tare da maza. Shehu ya sa Abdullahi ya ba da amsa, shi ma da baitoci. Abdullahi ya kāre koyar da mata, ya nuna cewa barinsu cikin jahilci ya fi muni. Ke nan har muhawarar shari'a da waƙa ake yin ta.

Bayan hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804 aka shiga yaƙi. Malaman 'Yandoto da yawa ba su bi jama'ar Shehu ba, kuma wajen 1806 Muhammadu Bello ya zo da runduna garin ya watse. Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu, shi ya kafa Gusau a 1811. Saboda haka garin ya tashi ne cikin al'adar jama'ar Shehu, wadda ɗariƙarta Ƙadiriyya ce, kuma waƙa tana cikin kayan karatunta.

Nana Asma'u da siffar waƙar Hausa

Wadda ta fi kowa kai wannan aiki cikin gidaje ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Tana da waƙoƙin tarihin Annabi da yabonsa, da ta tawassuli da mata salihai, da wata da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka don sauƙin hardacewa. Ita da ɗan'uwanta Isa sun mayar da waƙoƙin mahaifinsu na Fulatanci zuwa Hausa. Ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa. Jaji takan jagoranci mata daga ƙauyuka su zo su koyi waƙoƙin, su koma su koya wa waɗanda ba su iya fitowa ba. Ta haka macen da ba ta taɓa riƙe allo ba ta san tarihin Annabi da hukuncin alwala.

In ɗalibi ya dubi yadda ake gina irin waɗannan waƙoƙi, zai ga dalilin da ya sa ake lissafa su cikin ibada. Ana farawa da sunan Allah da godiya gare shi, sai salati ga Annabi da iyalinsa da sahabbansa. Daga nan a shiga jigo, ko madahu, wato yabo, ko wa'azi a kan mutuwa da kabari da hisabi, ko tauhidi, ko furu'a, wato hukunce-hukuncen ibada. A ƙarshe mawaƙi yakan nemi gafara wa kansa da iyayensa da malamansa da duk wanda ya ji, wani lokaci ya faɗi sunansa, da adadin baitoci, da shekarar da ya gama cikin ramzi. Tsarin addu'a ke nan daga farko har ƙarshe. Karin waƙar da amsa-amonta daga Larabci aka aro su, shi ya sa waƙar malamai take da ƙwar biyu ko ƙwar biyar a jere, ba kamar waƙar makaɗa mai jagora da 'yan amshi ba.

Yabon sarki da yabon Annabi

Zamfara ƙasar makaɗan fada ce. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi wa 'Yandoton Tsafe waƙa, da Sa'idu Faru, suna cikin waɗanda duk Bahaushe ya sani. Yabon sarki da yabon Annabi suna tarayya a wasu abubuwa. Dukansu suna jera kirari, suna ambaton asali da zuriya, suna kwatanta wanda ake yabo da rana da wata da teku. Amma malamai sun raba su sarai. Maroƙi yana yabo ne don doki da riga, kuma yana iya faɗin abin da babu. Mai madahu yana neman sakamako a lahira, kuma a ganinsa duk abin da ya faɗa bai kai gaskiyar wanda yake yabo ba.

Malaman jihadi sun soki kiɗan fada da na bori da na dandali. Abdullahi ya fi kowa tsanani. Lokacin da ya ga mutanen jihadi sun fara komawa ga neman mulki da dukiya, ya koka cikin waƙa cewa goge da sarewa da ganguna sun ɗauke musu hankali, har ya bar rundunar ya nufi Kano a 1807. Abin lura shi ne, da waƙa ya yi kukan. Matsalarsa da kayan kiɗa ce da abin da suke jawowa, ba da baiti ba. Wannan rarrabewa tsakanin murya zalla da murya da kiɗa ita ce za ta sake tasowa a ƙarni na 20.

Jirgin ƙasa, Tijjaniyya da Gusau

A 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ta isa Ƙaura Namoda. Gusau ta zama kasuwar auduga da gyaɗa, baƙi suka cika ta daga Kano da Zariya da kudu. Tare da 'yan kasuwa ɗariƙar Tijjaniyya ta ƙara ƙarfi, musamman reshen Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a Senegal, wanda ya rayu daga 1900 zuwa 1975. Ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji a 1937, daga nan koyarwarsa, wadda ake kira faila, ta bazu a Arewa. Shehu Ibrahim kansa mawaƙin madahu ne, kuma tarin ƙasidunsa na Larabci, wanda mabiyansa suke kira Diwani, ya shiga sahun Ishiriniya da Burda a zawiyyoyi.

Da faila yabo ya ƙara faɗi. Bayan yabon Annabi, sai yabon Shehu Ahmadu Tijjani da na Shehu Ibrahim suka yawaita da Hausa. Gusau ta ba da nata mawaƙin a wannan fage, Shehu Balarabe Gusau, mai waƙar nan Goran Faila, wadda ta yi suna har wajen Zamfara. A ɓangaren Ƙadiriyya kuma, Shehu Nasiru Kabara na Kano, wanda ya rasu a 1996, ya yaɗa zikiri da bandiri, ya kuma kāre halaccinsa.

Wannan bunƙasa ba ta zo cikin lumana ba. Hukumar gargajiya ta Sakkwato, wadda take ganin kanta mai gadon Ƙadiriyyar Shehu, ta ɗauki taron 'yan wazifa da ɗaga muryarsu a matsayin bijirewa. A 1949 an rushe wasu masallatan 'yan Tijjaniyya a Gusau da Ƙaura Namoda, kuma a 1956 an yi rikici a gabashin lardin Sakkwato. Siyasa ta shiga ciki, domin 'yan adawa na NEPU sun sami magoya baya tsakanin 'yan wazifa. Ɗalibi ya lura cewa tambayar wa ake yabo, a ina, da wace murya, tambaya ce ta iko kuma.

A wannan zamani ne ɗab'i da rediyo suka ɗauki waƙar addini. Misali mafi shahara shi ne Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malami na Zariya, wanda ya rasu a 1990. An buga ta da boko a Zariya, makafi suka hardace ta suna rerawa a kasuwanni da tashoshi. Ta haɗa bege da wa'azi, kuma har yanzu da wuya a sami dattijon da bai san wani yanki nata ba.

Gumi da Izala

Suka mafi ƙarfi ga wannan al'ada daga ɗan Zamfara ta fito. Shehu Abubakar Mahmud Gumi, haifaffen Gummi, ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Ta tafsirinsa a rediyon Kaduna da littafinsa na aƙida na 1972 ya soki ɗariƙu a fili. A 1978 almajirinsa Shehu Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a Jos. Gumi ya rasu a 1992, amma koyarwarsa ta kai kusan kowane gari a jihar nan, har akan sami masallacin Izala da na ɗariƙa a unguwa ɗaya.

Yana da muhimmanci a fahimci abin da Izala take ƙi da abin da ba ta ƙi ba. Ba ta ƙi salati ba, ba ta kuma ƙi ƙaunar Annabi ba. Makarantunta na Islamiyya cike suke da waƙoƙin koyarwa da ake rerawa ba kiɗa. Abin da take suka shi ne bikin maulidi, wanda take cewa bidi'a ce tun da sahabbai ba su yi ba, da buga bandiri a masallaci, da baitocin da suke neman agaji kai tsaye daga Annabi ko daga wani shehi, wanda take gani shirka ce. Har wasu baitocin Burda ba su tsira daga wannan suka ba. 'Yan ɗariƙa suna amsawa cewa tawassuli roƙon Allah ne ta wurin darajar bayinsa, cewa maulidi godiya ce, kuma manyan malamai sun amince da shi tun da aka fara yin sa a fili a ƙasashen Sunna a farkon ƙarni na 13. Kowane ɓangare yana kafa hujja da hadisin nan na hana wuce gona da iri. Ɗaya yana cewa an riga an wuce, ɗayan yana cewa muddin ba a kira Annabi Allah ba, ba a kai iyakar ba. Kowannensu kuma yana cewa shi ne magajin Shehu Usmanu.

Halin da ake ciki

Kaset da faifan bidiyo da wayar hannu sun haifar da sabon rukuni na mawaƙa da ake kira sha'irai. Suna rerawa a majalisi da bikin aure da maulidi, wasu da mandiri, wasu da fiyano a situdiyo, da salo mai kama da na waƙoƙin fim. Dattawan ɗariƙa kansu sukan koka cewa neman kuɗi da suna ya shiga abin, kuma wasu matasa suna tsara baiti ba tare da sun yi karatu ba.

Iyakar yabo kuwa ta zama maganar rai da mutuwa. A watan Agusta 2020 wata kotun shari'ar Musulunci a Kano ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa saboda waƙar da aka ce ta ɗaukaka wani shehin Tijjaniyya bisa Annabi. A Janairu 2021 Babbar Kotun jihar ta soke hukuncin, domin an yi shari'ar ba shi da lauya, ta ce a sake. Manyan shehunan Tijjaniyya da yawa sun nisanta kansu daga masu irin wannan zurfafawa, waɗanda ake kira 'yan haƙiƙa. Mutanen Zamfara kuma ba su manta da Talata Mafara ba, inda zargin ɓatanci ya jawo kisan mutum takwas a Agusta 2016.

Abin da mai hidima zai riƙe

Rashin sani ya fi dare duhu. Mai hidimar da ya san wannan tarihi zai faɗi gaskiya game da maƙwabtansa, a bagade da wajen bagade. Ba zai ce suna bauta wa Muhammadu ba, tun da su da kansu suna ƙin wannan, har suna tuhumar junansu a kai. Ba zai kira Ishiriniyar da ake karantawa a daren maulidi holewa ba. Zai koya wa matasan ikkilisiya kada su kwaikwayi waƙar bege don ba'a, ko a dandali ko a Facebook, domin abin da suke taɓawa shi ne mafi daraja a zuciyar mai ita. In gardamar Izala da ɗariƙa ta taso a gabansa, a kasuwa ko a mota, ya san asalinta, ya kuma san ba tasa ba ce da zai yanke.

Akwai riba ta biyu. Littattafan aƙida suna nuna abin da malamai suka tsara, amma yawancin Musulmin ƙauye ta waƙa suka koyi addininsu, kamar yadda Shehu da Asma'u suka nufa. A cikinta ne ake jin tsoron kabari, da nauyin zunubi, da ɗokin Madina, da fatan samun mai roƙo a Ranar Hisabi. Wanda zai zauna shekaru cikin mutane, ya gaishe su a makoki da suna, ya kamata ya san waɗannan abubuwa daga bakinsu.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya sami dattijo ko dattijuwa Musulma da suke mutunci da ita, ya tambaya cikin ladabi wace waƙar addini suka fara hardacewa suna yara, wa ya koya musu, da kuma lokacin da suke rera ta yanzu. Ya rubuta amsar yadda aka ba shi, ba tare da gardama ba, ya kawo aji.